Bakwai ɗin da Inna Ta Faɗa

Har yau idan kuka taru a gidana da salla, sai wani cikinku ya tono maganar Lahadin nan da na hau mota daga Gummi zuwa Anka, kuna ta kira a waya kuna roƙona in sauka. Zainab ta yi wata biyu ba abin da ke haɗa ni da ita sai gaisuwa. Kun yanke cewa rikicin tsufa ne ya fara taɓa ni, ni kuma na bar ku a haka, don duk sanda na buɗe baki zan yi bayani sai muryata ta ƙi fita. To ga shi a rubuce. Wanda ya karanta ya ga har yanzu ban kyauta ba, ya zo ya faɗa mini, ina nan ban je ko'ina ba.

Kun taso kuna jin ina ƙwala wa Zainab, 'yata ta fari, kira daga tsakar gida har maƙwabta su ji, ba ku san abin kunya nake yi da gangan ba. A ƙauyenmu da ke bayan Gwashi uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ko faɗuwa ya yi ya fasa baki sai ta kau da kai wata ta ɗauke shi. Ni ce 'yar farin Inna. Sunana Kulu, kowa da shi yake kirana, na tabbata har awakin gidanmu sun san shi, amma ban taɓa jin sa a bakin matar da ta haife ni ba. In tana nemana ta ce "ke", in tana maganata da wani ta ce "wagga". Da aka yaye ni aka kai ni Gummi wurin Gwaggo, ƙanwar babanmu, wadda mijinta malamin asibiti ne, shi ya sa ni a boko. Nakan je gida da hutu in tarar Inna ta dama mini fura a ƙwarya ta daban ta rufe da faifai, amma sai ta ba ƙanwata ta kawo mini, ita tana can tana tankaɗe kamar ba ta ga shigowata ba. Na san al'ada ce, kowa ya sani. Sanin bai taɓa hana ni tambayar kaina ko matar nan tana sona ba.

Da na gama makaranta mijin Gwaggo ya sama mini aiki a Sakkwato, a wani ofishi na masu ƙididdigar lafiya. Mu shida ne mata a ɗaki ɗaya mai sanyi, kowace da injinta, aikinmu huda kati. Ku da kuka buɗe ido kuka ga waya a hannu, bari in gaya muku yadda ake magana da kwamfuta a lokacin. Kati ne na takarda mai kauri, bai fi tsawon hannu daga wuyansa zuwa yatsu ba, an gutsure masa kusurwa ɗaya don a san samansa da ƙasansa, kuma yana da layi tamanin a tsaye. Kina duban takardar da ma'aikata suka cike a ƙauye, kina danna lamba, injin yana huda ɗan rami a layin da ya dace. Kowane kati mace ɗaya ce: lambar ƙauyenta, lambar gidan, shekarunta, haihuwa nawa ta yi, nawa ke raye, nawa suka koma. Ba a huda suna. Shugabarmu ta hana mu karanta abin da muke hudawa, ta ce ido ya ɗauka ya miƙa wa yatsa kada ya biya ta zuciya, don wadda ta tsaya tunani ita ke kuskure. Haka muke wuni, ɓarɓashin kati yana taruwa a ƙarƙashin inji kamar tsakin gero, in an tashi mu kakkaɓe shi daga ɗankwali.

Wata rana takardun ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum suka zo teburina. Ina cikin bugu ban san hawa ba ban san sauka ba, sai idona ya faɗa kan sunan babanmu a saman wata takarda, an rubuta da fensir. Ƙauye na goma sha huɗu, gida na ashirin da uku. Mu bakwai na san Inna ta haifa: ni, Sani, Bello, Umaru, Hadiza, Ladi, sai Jummai auta, kuma Bello da Ladi sun rasu tun suna ƙanana. Kafin ranar na riga na lura matan yankinmu suna tsallake ɗan fari in baƙo ya tambaye su, don na ga gidajen da na sani an rage musu mutum ɗaya ɗaya. Saboda haka shida na shirya gani. Sai na ga bakwai. Na sake dubawa, bakwai ne, an ma ja masa ɗan layi a tsakiya. Idona ya ciko, yatsuna suka ƙarasa sauran lambobin yadda aka horar da su, katin ya wuce ya bi 'yan'uwansa, ni kuwa ban ƙara fahimtar komai ba a wunin nan.

Bakwai ɗin nan na riƙe shekara arba'in da 'yan kai. Ban faɗa wa kowa ba, har babanku, Allah ya jiƙansa. Ranar da aka kai ni gidansa Inna ba ta leƙo ba, na ce a raina ai ta ƙirga ni. Ranar da na haifi Zainab na sha wuya har aka fitar da rai da ni, Inna ta zo ta zauna a bakin ƙofa tana hira da ungozoma kan tsadar nono, na ce ai ta ƙirga ni. Har hoton abin na gina wa kaina, ina ƙara masa ado shekara bayan shekara. Ina ganin ta tsaye bayan asabari da rana tsaka, ma'aikaci a soro da fensirinsa, tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, kuma da babban yatsa ta fara, wato ni. Wani lokaci in ina tuƙa tuwo sai in ga wurin sarai, har da kazar da ke wucewa ta gabanta, alhali ko kusa ban kasance a can ba.

Shekarar da nake son ba ku labari, damina ta ja baya gero ya fara nuna, wata mata ta yi sallama a gidana na Bukkuyum da jaka a kafaɗa. Dakta Sa'adatu ce, 'yar Anka, sa'ar Zainab, tana koyarwa a jami'a. Ta yi aiki a Abare da Tungar Daji a shekarun da gubar dalma ta riƙa kwashe yara, lokacin da ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, kuma abin bai bar ta ba. Tana so ta san yadda mata ke rasa 'ya'ya a ƙauyukan nan tun kafin zuwan zinare, ta kuma adana abin da aka rubuta kafin ya lalace. Ta gano cewa da aka raba jiha an mayar da katunanmu Anka, an jibge su a wani sito bayan tsohon asibiti, aka manta. Ta samo tsohon injin karanta kati a ɗakin tarkacen jami'arsu. Abin da ta rasa shi ne littafin da ke bayyana ma'anar kowane layi, don gara ta cinye shi tas.

Ta ce, "Mama, an ce mini ke kaɗai kika rage cikin waɗanda suka huda su. Ko za ki iya tuna wani abu?"

Na ce, "'Yar nan, abin da na ci jiya ban tuna ba. Amma layi na ɗaya da na biyu ƙauye ne, na uku zuwa na biyar gida, na shida da na bakwai shekaru. In ci gaba?"

Ta zauna a ƙasa ta fito da biro.

Gaskiya zan faɗa muku, ba don taimakon kimiyya na bi ta Anka ba. So nake in ga bakwai ɗina da idona sau ɗaya kafin in mutu.

Injin na zaune a kan tebur a wani ɗaki mai taga biyu, toka-toka, ya kai girman akwatin ƙarfe na amarya. Wanda ya tashe shi daga mutuwa wani dattijo ne mutumin kudu, Joseph, da ya shekara talatin yana gyaran rediyo a kasuwar Anka har mutane suka mayar da shi Yusufu Rediyo. Robar da ke jan kati ta narke ta zama danƙo, ya yanko tsohon tib na babur ya naɗa mata. Bel ɗin ya tsinke, ya samo na keken ɗinki. Ya haɗa masa wata 'yar waya zuwa kwamfutar Dakta, yadda duk katin da ya wuce lambobinsa za su fito a allo. In ya tayar da janareta ya kunna shi, injin yakan ja numfashi mai tsawo tukuna, Yusufu ya dafa shi yana lallashi.

"Sannu Baba, sannu. Ni da kai duk mun tsufa, kada ka ba ni kunya gaban Hajiya."

Katunan sun sha danshin damina da yawa, wasu sun kumbura sun manne. Muka shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya muna baza su su sha iska, matan da ke wucewa zuwa asibiti suna tsayawa suna tambaya ko wani sabon magani ne ake shanyawa. Wani kwali ya fashe katunansa sun hargitse, Dakta ta kama kai. Na ce ta kwantar da hankali. A Sakkwato in mun gama ɗauri mukan ja layi da alƙalami a karkace a kan bayan katunan, don ko sun zube a iya mayar da kowane mazauninsa. Na zauna kwana biyu ina jera su har layin ya miƙe daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma na gane jan hannuna ne, na wata yarinya da ke ɗaure ɗankwali a gefe tana jin duniya tata ce.

Kwanakin nan ban san yadda zan kwatanta muku su ba. Zafi, ƙamshin tsohuwar takarda, injin yana zuƙar kati ɗaya bayan ɗaya da sauti kamar yayyafi a kan kwano, ni kuma ina kujera ina gyangyaɗi ido biyu. Lambobi suna gangarowa a allo, amma ni ba lambobi nake gani ba. In Dakta ta ce ƙauye na tara, sai in ga tsamiyar bakin rijiyarsu da matan da ke jan guga. In ta ce na goma sha ɗaya, sai in ji ƙarar turame da kiran shanu da yamma, in ga hanyar da muke bi zuwa biki ruwa har gwiwa. Rabin ƙauyukan nan yau ba kowa, 'yan bindiga sun tashe su, ciyawa ta rufe masallatansu. Ga su kuma suna wucewa ta cikin injin gida gida, kowace mace da 'ya'yanta, ba wanda ya gudu tukuna. Wani lokaci nakan ɗaga kati ɗaya in saita shi da taga, rana ta shigo ta ramukan ta zuba a kan zanena ɗigo ɗigo, in zauna ina kallo har sai Yusufu ya yi gyaran murya.

Wata rana Dakta ta ce ta lura haihuwar matan ta yi kaɗan, ba ta yi daidai da shekarunsu ba. Na yi dariya na bayyana mata zancen ɗan fari. Ta ce ai ta sani, ita ma 'yar fari ce, sai dai ba ta zaci abin ya shiga har cikin kati ba.

Na ce, "Ya shiga. Amma ban da na Innata. Ita ta ƙirga ni, ki jira ki gani."

Har da ɗaga kai na faɗa, Allah ya yafe mini.

Ranar Juma'a da hantsi muka iso ƙauye na goma sha huɗu, shi ne ɗauri na ƙarshe. Na matso da kujera na gyara gilashina. Gida na ashirin da ɗaya, na ashirin da biyu. Yusufu ya tsayar da injin yadda na roƙe shi. Ga layin Inna a allo. Haihuwa bakwai. Na ji daɗi ya taso mini har wuya. Sai idona ya matsa gaba, wurin da bai taɓa zuwa ba tun ina budurwa. Masu rai huɗu. Waɗanda suka koma uku.

Na ƙirga a yatsu kamar 'yar aji ɗaya. Lokacin da aka cike takardar mu biyar ne a raye: ni, Sani, Umaru, Hadiza, Jummai. Ta ce huɗu. Matattu biyu na sani, ta ce uku. Ashe takwas Inna ta haifa, akwai wani da ban taɓa jin labarinsa ba, shi ya cike bakwai ɗin. Ni kuwa ba na ciki, ban taɓa kasancewa a ciki ba.

Ban yi kuka ba, fushi na yi, irin wanda ban taɓa yi ba. Tsohuwa da jikoki, amma ji na yi kamar an kore ni daga gida. Cikin kayan da Dakta ta zo da su akwai ɗan abin huda kati na hannu da sauran katuna farare. Ita ƙa'idarta, ba abin da zai shiga kwamfutarta sai wanda injin ya karanta, amma ta yarda a gyara kati in akwai shaida mai rai. Na ce ga shaida zaune a gabanki. Na ɗauki sabon kati na huda shi da hannuna, rami bayan rami, takwas, biyar, uku. Yusufu ya sa injin ya haɗiye shi, layin ya canja a allo. Tsohon katin kuwa na jefa shi a jakata. Dakta ta ce Litinin da safe za ta tafi da komai, injin da katunan da kwamfutar, daga can a rarraba wa ɗakunan ajiya. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ni Gummi zan je, ina da magana da wata.

Tun da aka tashi ƙauyenmu Inna tana Gummi wurin Jummai. Na isa Asabar bayan azahar na same ta a rumfa a kan buzunta, ta ƙanƙance, idanunta sun yi fari, tana jan carbi. Ta gane takuna.

"Jummai, ga wagga ta zo."

Na gaishe ta sama-sama, na ciro katin na sa mata a tafin hannu. Ta shafa shi, yatsunta suna bin ramukan.

"Mi na wanga?"

"Maganarki ce, Inna. Wadda kika yi da wani mai fensir a soron Baba, tun ina Sakkwato."

Ta juya katin a hannunta.

"Na tuna shi. Dogo, shina ta sharce zuhwa, maigari na tsaye bayanai. Ɗiya nawa kika haihwa, ɗiya nawa kika haihwa, kamar mai sayen awaki."

"Kin ce bakwai. Huɗu na raye, uku sun koma. Wane ne na ukun?"

"Namiji na. Kina Gummi, ba ki hi shekara uku ba. Kwana shida yay yi, ba a kai ga suna ba. Ubanku bai son a yi zance nai, ni ko ban iya."

Na ji tausayinta ya tsarga mini, amma fushin ya fi ƙarfi. Abin da ban taɓa yi ba a rayuwata na yi, na ɗaga mata murya.

"To ni fa? Wanda ya kwana shida kin sa shi a lissafi, ni da nake raye ina aiko miki da atamfa kin tsallake ni. Kunya ce har a gaban baƙon da ba zai sake ganinki ba? Shekara arba'in ina cewa kin ƙirga ni, Inna."

Jummai ta leƙo daga madafi ta koma. Inna ta ajiye carbin a cinya.

"Kunya na ciki, ba ni musu. Amma ba ita ɗai ta ba. Uwata ta hwaɗa min, abin da duk kika ƙirga ma baƙo, kin gwada ma duniya inda shike. Mutumin ga ya matsa, maigari na kallo, dole in ba shi wani abu. Sai nib ba shi su, nib ɓoye guda."

Ta lanƙwasa yatsa.

"Huɗun da nic ce mai suna raye, ina Sani? Amai da zawo, kwana biyu. Ina Umaru? Ramin zinare ya ruhta da shi. Ina Hadiza? Wurin haihuwa. Saura auta, ita ma ko tari ta yi sai gabana ya hwaɗi. Na san kwana na Allah na, astagfirullah, malamai sun hwaɗi kuma na yarda. Amma wadda ban ƙirga ba, ga ta nan da hurhura tana min hwaɗa."

Duk abin da na ƙullo tun daga Anka ya warware. Ni da na yi boko na yi aikin lafiya shekara da shekaru, na san ba lissafi ke kashe mutum ba. Amma na ga abin da matar nan ta yi da iyakar abin da ta sani. Cikin 'ya'yanta duka ɗaya aka bar mata damar ɓoyewa, kuma ni ta ɓoye.

Sai ta juyo da fararen idanunta wajena.

"Injin ga naku, ya ƙirga ki?"

Da na iya ƙarya da na yi. Na ce jiya na huda sabon kati na sa kaina a ciki. Hannunta ya cafke wuyan hannuna, ban san tsohuwa tana da ƙarfi haka ba.

"Wa ya aike ki? Koma ki hidda kanki."

"Inna, takarda ce kawai."

"Koma ki hidda kanki, nic ce. Shekara nawa ina tsaron abin ga, ki tahi rana guda ki ɓata min."

Yamma ta yi, ba mai hawa hanyar Anka a wannan lokaci. Washegari da safe labari ya cika gari cewa an tare hanya jiya bayan Daki Takwas an kwashe mutane. Jummai ce ta kira Zainab, Zainab ta kira sauranku. Na gwada lambar Dakta ya fi sau goma, ba sabis a Anka. Ko da ta shiga ma, tsohon katin yana jakata, kuma sai injin ya karanta shi zai koma mazauninsa. Mota ɗaya ce ta yi lodi a tasha, direban yana ta sake-sake. Na shiga gaba na zauna. Na ji duk abin da kuka ce a waya, Zainab, har wanda kika ce in ba na tausayin kaina in tausaya muku. Kina da gaskiya. Na auna ku, na auna tsohuwar da ta ƙi cin abinci tun jiya, na kashe wayar. Ban ce na yi daidai ba, abin da na yi ke nan.

Hanyar ba kowa. Gero tsaye dama da hagu ya sunkuyar da kai, ba mai girbi, ba mai kiwo, ko tsuntsu ban gani ba. Mu bakwai a motar ba mai magana, sai leɓuna ke motsi. Mun wuce wata mota a gefen titi ƙofofinta a buɗe, da takalmi ɗaya a ƙasa. Tsoro na ji sosai, kada wani ya ce muku jarumta ce. Amma can ƙarƙashin tsoron wani sanyi nake ji a rai wanda ban san irinsa ba, har na ji kunyar kaina.

Na tarar sun naɗe wayoyi, Yusufu yana ɗaure kwalaye da igiya. Da suka gan ni Dakta ta miƙe tsaye.

"Mama! Ta wace hanya kika biyo?"

Na ba ta katin na ce a mayar da shi, a cire nawa. Na gaya mata yadda muka yi da Inna. Ta daɗe tana juya katin.

"Amma Mama, takwas ɗin shi ne gaskiya. Aikina ke nan, in adana gaskiya."

"Na sani. Ki rubuta a littafinki cewa matan ƙasar nan ba sa ƙirga ɗan fari, kowa ya karanta ya ƙara da kansa. Amma wannan katin maganar Inna ce, ba tawa ba. Ni na sa mata baki."

"Ko ɗan bayani in sa a gefen gida na ashirin da uku?"

"Ko ɗigo."

Ta dubi Yusufu. Shi kuwa ya kwance igiyar da ya gama ɗaurewa, ya fita ya ja janareta saboda kati ɗaya. Injin ya ja numfashinsa, ya zuƙe katin Inna. Ina zaune ina kallo takwas ya koma bakwai, biyar ya koma huɗu. Duk inda aka ajiye lissafin nan yau, in kun je kun duba, uwarku ba ta ciki, kuma da yardarta.

Litinin na bi ayarin motoci da rakiyar sojoji na koma Gummi. Jummai ta tare ni a soro ta ce tun tafiyata Inna ba ta runtsa ba, tana zaune tana sauraren ƙofa. Maƙwabta mata uku suna rumfar sun zo taya ta zama. Na durƙusa a gabanta.

"An hidda?"

"An fitar, Inna."

Ta ce alhamdu lillahi. Ta laluba ta kama gefen zanena, a gaban matan nan duka, ta naɗe shi a hannu, ta kishingiɗa a kan buzun. Kafin Jummai ta kawo mini ruwa barci ya ɗauke ta. Ƙafata ta yi tsami, aka kira azahar, matan suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina nan zaune ban motsa ba, don ba ta saki ba.